Tarihin Awon Gubar Fumfuna a Jini da Fitsari, Daga Kambirij Zuwa Zangon Kumasi

Jini da fitsari da ruwan nono su ne shaidun da likitoci da masana kimiyya suka fi dogara da su idan suna so su san abin da ya shiga jikin mutum, ko magani ne da aka ba shi ko kuwa guba ce da ya ci a cikin abinci ba da saninsa ba. Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan ruwaye da yake isa ɗakin gwaji ɗauke da abin da ake nema kaɗai, domin kowane ɗigo cike yake da gishiri iri-iri da furotin da kitse da dubban sinadaran da jiki ke sarrafawa ko yake zubarwa, alhali abin da ake nema sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin biliyan na nauyin ɗigon ba. Duk abin da ke cikin samfuri wanda ba shi ake nema ba, masana sun tara shi ƙarƙashin suna guda, wato gauraye, kuma yadda gaurayen ke sa na'ura ta rage ko ta ƙara a kan adadi na gaskiya shi ake kira katsalandan ɗin gauraye. An gano wannan matsala ne a ɗakunan gwaji na Kanada da Amurka, amma ta shafi mazauna Zangon Kumasi kai tsaye, saboda gubar da ta fi yawa a masara da gyaɗar da suke ci kullum ba a iya sanin yawanta a jikinsu sai ta hanyar awon jini da fitsari, kuma awon da gauraye ya danne yakan nuna babu a inda akwai.

Zango da abincinsa

Alaƙar Hausawa da ƙasar Asante ta samo asali ne daga fataucin goro, wanda ayari-ayari na fatake daga Kano da Katsina da sauran garuruwa suka riƙa yi tsawon ƙarnoni ta hanyar Gwanja, inda kasuwar Salaga ta zama mahaɗar masu goro daga kurmi da masu kanwa da tufafi da fatu daga arewa. Bayan da sojojin Ingila suka ƙone Kumasi a 1874 ikon Asante a kan Salaga ya yi rauni, yaƙin basasar da ya ɓarke a garin a 1892 kuma ya tarwatsa 'yan kasuwarsa zuwa wurare dabam-dabam. Da Turawa suka mamaye Kumasi a 1896, musamman bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, sai baƙi Musulmi daga arewa suka samu damar zama a birnin da yawansu, unguwarsu ta ɗauki sunan zango, kalmar da a asali take nufin masaukin ayari. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta auku a 1924 har ta sa hukuma ta gina Sabon Zango, daga baya kuma unguwanni irin su Asawase da Aboabo suka cika da Hausawa da Mosawa da Dagwambawa da Zabarmawa da wasu ƙabilu da yawa waɗanda harshen Hausa ya haɗa su.

Cikin waɗanda suka bi wannan hanya akwai Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro daga ƙasar Asante zuwa Legas ta jirgin ruwa, sannan ya koma Kano ya zama babban mai sayen gyaɗa a zamanin da dalar gyaɗa ta zama alamar birnin. Gyaɗar da ta ɗaukaka Kano ba ta rabu da tukunyar Zango ba, domin da ita ake miya, da ita ake ƙuli-ƙuli, ita ce kuma ƙashin bayan yajin tsire, kamar yadda masara ke shiga tuwon zafi da koko da sauran abincin safe da dare. Masarar takan fito ne daga yankunan noma irin su Ejura, mai nisan kimanin kilomita 100 arewa da Kumasi, da Techiman. Ƙasar Asante tana da damina biyu a shekara, girbin babbar damina kuwa yana faɗowa ne a lokacin da iska ke da laima kuma ƙaramar damina ke gab da sauka, don haka shanya hatsi har ya bushe sarai abu ne mai wuya, hatsin da aka zuba a buhu da sauran danshi kuma shi ne mazaunin fumfuna.

Gubar da ba ta da ɗanɗano

A 1960 'ya'yan talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin kiwon kaji na Ingila daga wata cuta da ba a san ta ba, bincike kuma ya kai ga tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil, wadda aka tarar da wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ta kama ta. Daga sunan fumfunar aka raɗa wa gubar suna afalatoksin, aka kuma rarrabe nau'o'inta, wanda ya fi haɗari a cikinsu shi ne B1. Gubar ba ta da wari ko ɗanɗanon da mai ci zai lura da shi, dahuwa irin ta gida ba ta kashe ta, kuma hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya ta cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji a jikin ɗan Adam, musamman na hanta. Wani bincike da aka yi a kan maza fiye da 18,000 a birnin Shanghai na ƙasar Sin ya nuna cewa wanda ya haɗa gubar da ƙwayar cutar hanta nau'in B haɗarinsa ya ninka na wanda ba shi da ko ɗaya kusan sau 60. A 2002 wani nazari a Benin da Togo ya danganta yawan gubar a jinin yara da tsumburewar girma, a 2004 kuma mutane 317 suka kamu a gabashin Kenya bayan cin gurɓatacciyar masara, 125 daga cikinsu suka rasu.

Awon gubar a cikin hatsi bai isa ya nuna abin da mutum ya ci ba, domin fumfuna ba ta kama buhu bai ɗaya, ƙwaya kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan gubar, kuma mudun da aka ɗiba don gwaji yana iya kuskure su. Wannan ya sa masana suka juya ga jikin mai cin abincin. Idan B1 ta isa hanta, wani kaso nata yakan juye ya zama nau'in da ake kira M1, wanda ke fita a fitsari da ruwan nono kuma yake ba da labarin abin da aka ci cikin kwana ɗaya zuwa uku da suka wuce. Wani kason kuma yakan manne da albumin, furotin da ya fi yawa a ruwan jini, a kan wani ɓangarensa da ake kira laisin, ya zauna tare da shi har ya ba da labarin wata biyu zuwa uku. Waɗannan alamu biyu su ne shaidar da ake nema, amma ƙanƙantarsu ta kai ga ana lissafinsu da fikogiram, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na giram.

Ma'aunin nauyin ƙwayoyi

Na'urar da ta fi kowace iya ganin abu mai irin wannan ƙanƙanta ita ce ma'aunin nauyin ƙwayoyin sinadari, wadda aikinta shi ne ta ɗora wa ƙwaya cajin lantarki, ta mai da ita abin da ake kira ayon, sannan ta tura ta cikin fili marar iska inda ƙarfin lantarki ko na maganaɗisu ke karkatar da kowace ƙwaya gwargwadon nauyinta. J. J. Thomson ne ya fara nuna haka a Kambirij ta Ingila, inda a tsakanin 1912 da 1913 ya ga iskar niyon ta rabu gida biyu, mai nauyin 20 da mai nauyin 22. Mataimakinsa Francis Aston ya ƙera ingantacciyar na'ura a 1919, ya tabbatar da cewa sinadari guda yana iya samun 'yan'uwa masu hali ɗaya amma nauyi dabam, waɗanda ake kira aisotof, ya kuma samu kyautar Nobel a 1922. A shekarun 1950 Wolfgang Paul na Jamus ya ƙirƙiro matatar sanduna huɗu, wadda ke barin nauyi guda kaɗai ya wuce a lokaci guda, a 1978 kuma Richard Yost da Christie Enke na Jami'ar Jihar Michigan suka jera irin wannan matata uku, ta farko ta zaɓi ƙwaya, ta biyu ta farfasa ta, ta uku ta zaɓi ɗaya daga cikin ɓarɓashin.

Abin da ya rage shi ne yadda za a shigar da ruwa cikin na'urar da ba ta aiki sai a fili marar iska. Malcolm Dole ya gwada fesa ruwa da ƙarfin lantarki a 1968, amma John Fenn da Masamichi Yamashita ne suka kai hanyar ga nasara a Jami'ar Yale a 1984, kafin ƙarshen shekarun 1980 kuma Fenn ya nuna cewa har manyan furotin ana iya aunawa da ita, abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2002 yana ɗan shekara 85. Da aka haɗa wannan feshin lantarki da bututun rarrabewa, wato siririn bututu mai cike da ƙananan ƙwayoyi wanda ke riƙe kowane sinadari na ɗan lokaci dabam ta yadda za su fito bi da bi, sai ɗakunan gwajin kamfanonin magani suka rungumi hanyar a shekarun 1990. An ɗauka a lokacin cewa tun da na'urar tana tace nauyi har sau biyu, babu abin da zai iya ruɗa ta, don haka aka rage tsabtace samfuri zuwa zuba masa ruwan sinadari mai dunƙule furotin, aka kuma gajarta rarrabewa zuwa minti biyu ko uku.

Yadda gauraye ke danne sigina

Kuskuren wannan zato yana bayyana ne idan aka duba abin da ke faruwa a bakin allurar feshi. Ruwan yana fitowa daga allura mai ɗauke da ƙarfin lantarki na bolt dubu uku zuwa biyar, ya yi tsini, ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigo masu caji, iskar naitorojin mai ɗumi kuma ta riƙa busar da su. Yayin da ɗigo ke ƙanƙancewa cajin da ke bayansa yana matsuwa har ya fasa shi ya zama wasu ɗigo da suka fi shi ƙanƙanta, ana maimaita haka har ƙwayoyi ɗaiɗai su kuɓuta zuwa cikin na'ura ɗauke da cajinsu. Cajin da ke kan kowane ɗigo ƙayyadadde ne, sararin bayansa ma haka, saboda haka duk ƙwayoyin da suka iso tare dole su yi rububin wuri, kamar taron jama'a a ƙofa guda ta kasuwar Kejetia da ke Kumasi, inda masu ƙarfi da yawa ke fita su bar marasa ƙarfi a baya. A ruwan jini waɗanda suka fi cin wannan rububi su ne fosfolifid, wani nau'in kitse da ke gina bangon ƙwayoyin halitta, wanda gefensa ɗaya ke son ruwa ɗayan kuma yake gudunsa, halin da ke sa ya mamaye bayan ɗigo. A fitsari kuwa gishiri da yuriya da sauran abubuwan da ba sa tashi da zafi su ne ke hana ɗigo bushewa yadda ya kamata.

Mugun abin shi ne na'urar ba ta ganin mai katsalandan, domin an umarce ta da ta saurari nauyi guda kawai, don haka zanen da take fitarwa yakan fito fes babu alamar datti, sai dai tsayin tsinin da ke nuna adadin ya ragu ba tare da wani gargaɗi ba. Liang Tang da Paul Kebarle na Jami'ar Alberta a Kanada sun nuna a 1993 cewa siginar wani ayon tana raguwa idan wasu suka yawaita a ruwan feshi. A 1998 Bogdan Matuszewski da abokan aikinsa a ɗakin binciken kamfanin Merck suka nuna, da misalin awon maganin finasteride, cewa ruwan jinin mutane dabam-dabam yana danne sigina da mataki dabam-dabam, ta yadda hanyar da ta yi kyau a jinin mutum guda za ta iya ba da sakamako marar daidaito a jinin wasu. A 1999 Bonfiglio da King da abokan aikinsu suka fito da gwajin da ke nuna matsalar ƙuru-ƙuru: a riƙa ɗura abin da ake nema cikin na'ura ba tsayawa har siginarsa ta miƙe kamar zare, sannan a shigar da samfurin jinin da babu komai a cikinsa, duk inda zaren ya lotsa nan gauraye ke fitowa. A 2003 Matuszewski ya tsara lissafin da ake amfani da shi har yau, inda ake kwatanta siginar adadi guda a tsabtataccen ruwa da siginarsa a tataccen jini, ta yadda idan na farko ya ba da 100 na biyu ya ba da 60, an san gauraye ya cinye kashi 40.

Hanyoyin magancewa

Maganin matsalar ya kasu uku. Na farko shi ne a tsabtace samfuri sosai, ta hanyar ratsa shi cikin wata 'yar matata mai kama abin da ake nema ta saki saura, a kuma tsawaita rarrabewa don abin da ake nema ya fito a lokacin da babu cunkoso, sai dai wannan yana cin lokaci da kuɗi. Na biyu shi ne a sirka samfurin da ruwa mai yawa don gauraye ya yi rauni, hanya mai sauƙi da arha, amma abin da ake nema shi ma yana tsarwaruwa tare da gaurayen. Na uku, wanda ya fi inganci, tushensa ya girmi matsalar kanta. Harold Urey ya gano haidurojin mai nauyi a 1931 a Jami'ar Columbia, a wannan jami'ar kuma David Rittenberg da G. L. Foster suka nuna a 1940 yadda ake auna sinadarin jiki ta hanyar zuba masa sanannen adadi na ɗan'uwansa mai nauyi. Wannan ɗan'uwa, wanda ya dace a kira shi ɗan rakiya, siffarsa da halinsa ɗaya ne da abin da ake nema, tare suke fita daga bututu, tare suke shiga ɗigo, dannewa iri ɗaya kuma take samun su, amma na'ura tana bambanta su ta nauyi. M1 tana da nauyin 328, idan kuma aka musanya ƙwayoyin kabon 17 da ke cikinta da kabon mai nauyin 13 sai ta zama 345. Lissafin bai bambanta da na falken da ya sa wa ƙwaryar goro guda alama a cikin huhu ba: idan ya san goro 100 ya zuba kuma 60 suka iso lafiya, ya san gwargwadon abin da hanya ta ci a sauran kayan.

Hukumomi sun bi bayan masana sannu a hankali. Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta ambaci buƙatar bincikar katsalandan ɗin gauraye a ƙa'idojinta na 2001, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta wajabta a 2011 a gwada kowace hanya a samfurin aƙalla mutum shida dabam-dabam, ta kuma ba da shawarar a haɗa da jinin da jajayen ƙwayoyinsa suka farfashe da wanda kitse ya yi wa yawa, a 2022 kuma aka amince da ƙa'ida guda ta ƙasa da ƙasa mai lamba M10.

Ejura da Kumasi da Kaduna

A daidai shekarun da ake wannan gyara ne aka fara auna gubar a jikin mutanen ƙasar Asante. Pauline Jolly ta Jami'ar Alabama da ke Birmingham, tare da masanan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, ta wallafa a 2006 sakamakon binciken da aka yi a gundumar Ejura Sekyedumase, inda aka samu alamar gubar a jinin duk wanda aka gwada, aka kuma samu M1 a fitsarin mafi yawansu. A gundumar ce kuma masanan Jami'ar Texas A&M da Cibiyar Noguchi ta Legon suka gwada ba mutane wani tataccen yumɓu mai suna NovaSil tsawon wata uku, wanda ke kama gubar a cikin hanji, kuma raguwar alamun gubar a jini da fitsari ita ce hujjar da aka dogara da ita. A 2010 Faisal Shuaib, likita ɗan Nijeriya wanda daga baya ya shugabanci hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasarsa, ya wallafa tare da abokan aikinsa nazarin mata masu ciki 785 da suka haihu a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da asibitin Manhyia, wanda ke maƙwabtaka da unguwannin Zango, inda aka ga cewa matan da gubar ta fi yawa a jininsu sun ninka waɗanda gubar ta fi ƙaranci a jininsu kimanin sau biyu a haɗarin haihuwar jariri marar nauyi.

Waɗannan bincike sun yi amfani ne da hanyoyin da suka gabaci awo da ɗan rakiya, wato masu dogara da ƙwayoyin garkuwar jiki ko da ƙyallin da gubar ke yi a ƙarƙashin haske na musamman, kuma kowace hanya tana da irin nata ruɗi. Leslie McCoy da abokan aikinsa a Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka da ke Atlanta sun fito da hanyar auna gubar da ke manne da laisin tare da ɗan rakiya a 2005, da suka kwatanta hanyoyi uku a 2008 a kan jinin da aka ɗiba lokacin annobar Kenya, sai suka tarar hanyoyin suna tafiya tare wajen nuna wanda ya fi wani, amma hanyar garkuwar jiki tana ba da adadin da ya ninka na ma'aunin nauyi fiye da sau biyu. Ma'anar wannan ita ce ba a ɗaukar lamba daga binciken Ejura a ajiye ta kusa da lamba daga wata ƙasa sai an san da wace hanya aka auna kowace.

Misalin da ya fi fito da darasin fili ya zo ne daga ƙasar Hausa. A 2012 Benedikt Warth da abokan aikinsa a Tulln ta ƙasar Ostiriya suka tsara hanyar neman alamun gubar fumfuna iri-iri a fitsari lokaci guda, inda ake sirka fitsarin sau goma don karya ƙarfin gauraye sannan a shigar da shi na'ura kai tsaye. Chibundu Ezekiel ya yi amfani da ita a kan fitsarin mutum 120 daga jihar Kaduna, yara da manya, sakamakon da aka wallafa a 2014 kuma ya nuna wata guba a kusan rabin samfuran, M1 kuwa a kimanin kashi 14 cikin ɗari. A 2018 Bojan Šarkanj da waɗancan masana suka sake auna samfuran nan 120 da sabuwar hanya, wadda a cikinta ake tsabtace fitsarin da matata maimakon sirkawa, a kuma zuba masa 'yan rakiya masu kabon mai nauyi. A wannan karon ba a samu samfuri ko ɗaya da babu wata guba a cikinsa ba, M1 kuma ta bayyana a fiye da kashi 70 cikin ɗari. Mutanen su ne, fitsarin shi ne, abin da suka ci bai canza ba, amma adadin waɗanda aka ga afalatoksin a jikinsu ya ninka kusan sau biyar saboda an sauya yadda ake bi da gauraye.

Jinin da za a gwada hanya da shi

Akwai dalilin da ya sa wannan tarihi ya fi shafar Kumasi a kan garuruwan da aka ƙirƙiro hanyoyin. Gauraye ba ɗaya ba ne a jikin kowa, yana bin cima da yanayi da cututtukan da suka yawaita a wuri. Shirin gwajin jarirai don gano cutar sikila da Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara a Kumasi a 1995 ya nuna cewa kimanin jariri biyu cikin ɗari ana haihuwarsu da cutar, masu ita kuwa jajayen ƙwayoyin jininsu suna yawan farfashewa, abin da ke cika ruwan jini da launin shawara da sauran abubuwan da ke cikin ƙwayoyin. Zazzaɓin cizon sauro ma yana yin haka, ƙarancin jini yana sauya yadda ɗigo ke bazuwa a kan takardar da ake busar da jini don aikawa nesa, zafi da azumi kuma suna sa fitsari ya yi kauri, shi ya sa ake daidaita sakamakonsa da kiriyatinin, wani sinadari da tsoka ke zubarwa a kan kari kusan guda. Hanyar da aka tabbatar da ingancinta a jinin mutum shida masu ƙoshin lafiya a Turai ba ta tabbata ga jinin mai naƙuda daga Aboabo ba sai an gwada ta a kan irinsa.

Katsalandan yana kuma iya zuwa ta fuskar ƙari. Duwatsun zinariya na Obuasi, kudu da Kumasi, suna ɗauke da arsanik, gubar da ake nemanta a fitsarin mazauna wuraren haƙar ma'adinai da wani nau'in ma'aunin nauyi mai ƙona samfuri a harshen iskar argon, wanda Robert Houk da abokan aikinsa suka gabatar a 1980. Argon yana da nauyin 40, kulorin da ke cikin gishirin fitsari yana da 35, idan suka manne a cikin harshen wutar kuma sai su ba da 75, wanda shi ne nauyin arsanik daidai, don haka fitsari mai gishiri yana iya nuna gubar da babu ita sai an bi da ƙwayoyin ta cikin iskar hiliyom mai tare haɗaɗɗun ko an cire kason kulorin da lissafi.

Kumasi tana da jami'ar da ta buɗe tun 1952, da asibitin koyarwa, da cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da aka kafa a 1997 tare da Cibiyar Bernhard Nocht ta Hamburg, don haka ba ta rasa masu ilimin da za su riƙe wannan aiki ba. Abin da aikin ke buƙata bayan sayen na'ura shi ne wutar lantarki marar yankewa, da iskar naitorojin, da 'yan rakiya masu tsada da ake shigowa da su daga waje, da kuma ɗabi'ar gwada kowace hanya a kan jini da fitsarin mutanen da za a yi wa aiki da ita kafin a yarda da lambar da ta bayar. Haƙƙin uwar da ta miƙa hannunta aka ɗebi jini a Manhyia ne, idan takarda ta dawo da cewa ba a ga guba ba, a rubuta a gefen wannan magana mafi ƙanƙantar adadin da hanyar ke iya gani da kuma kason da gauraye ya danne, domin a kan wannan takarda ce hukuma za ta yanke shawarar ko za ta kashe kuɗi wajen busar da masarar Ejura da tsince gyaɗar da ake niƙawa a Zango, ko kuwa za ta bar su yadda suke.